Malam Edita, mu daina gudun marasa lafiyarmu a Damagaram

Assalamu alaikum Malam Edita, ina gaisuwa, ya aiki ya jama'a, Allah ya ƙara basira. Don Allah ka ɗan ba ni fili a jaridar nan taku in yi magana kan wani hali namu na nan Damagaram da kowa ya san da shi amma ba a son taɓo shi, wato yadda muke juya wa mutum baya da zarar an ce ga irin ciwon da ke jikinshi. Ba masassara nake nufi ba ko hawan jini ko ciwon suga, waɗannan kam Alhamdulillahi muna ƙoƙari, za ka ga ɗaki ya cika da 'yan dubiya wannan ta kawo fura wannan ya kawo lemo ana ta sannu ana addu'a. Ina nufin ciwukan nan da sai an rage murya ake faɗin sunansu, kuturta, tarin fuka, sida wato ƙanjamau, farfaɗiya, yoyon fitsari, taɓin hankali. Wanda Allah ya jarrabta da ɗaya daga cikinsu to ranar da labari ya fita ranar zai ga an ware mishi kwano da moɗa, an janye yara daga kusa da shi, wanda kullum suke musabaha ya koma ɗaga mishi hannu daga nesa.

Mutane da yawa suna ɗauka wannan gudun da muke yi kariya ce, wai ai rigakafi ya fi magani. To wallahi a mafi yawan lokuta ba ya kare kowa, shi ne ma yake sa mai ciwo ya ɓoye ciwonshi har ya ci ƙarfinshi ya kuma shafa wa na kusa da shi, alhali da ya fito da wuri da an tare abin tun yana ƙarami. Kamar wanda ya ga wuta ta kama a ɗaki ne ya ja ƙofa ya rufe wai don kar maƙwabta su ga hayaƙi. Kuma ko mutum ya warke ba mu ƙyale shi ba, 'ya'yanshi da jikokinshi sai sun biya bashin da ba su ci ba.

Masu kuturta su suka fi daɗewa suna shan wannan ƙyama a garin nan shi ya sa zan fi tsayawa a kansu. Mun taso muna jin ana cewa gadonta ake yi, wasu su ce wanda ya haɗa kifi da nono ne take kamawa, wasu su ce rantsuwar ƙarya mutum ya yi da Alƙur'ani ya ci shi, wasu su ce jifa ce ko sammu. Ba ko ɗaya a ciki. Ƙwayar cuta ce kamar sauran ƙwayoyin cuta, wani likita Bature mai suna Hansen ya gano ta tun 1873, kuma tana cikin cututtukan da suka fi wuyar ɗauka don kusan kashi 95 cikin 100 na mutane jikinsu yana iya kare kanshi ko sun haɗu da ita, sai an yi wata da watanni ana zaune wuri ɗaya da wanda bai fara shan magani ba sannan ake iya kamuwa. Ba a ɗaukarta ta musabaha, ba a ɗaukarta don kun sa hannu kwano ɗaya ko kun zauna kujera ɗaya daga nan zuwa Magariya. Tun farkon shekarun 1980 aka samu haɗin magunguna uku da ke kashe ta, kuma tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke bayar da shi kyauta ba ko dala, wani wata 6 zai sha wani wata 12 ya danganta da yadda ciwon ya yi, kuma da ya fara sha ya daina yaɗa ta. Wannan bayanin fa ba sabo ba ne amma ka je fada inda samari ke zaman hira ka tambayi matasa goma har da waɗanda suka yi lakkol ka ji abin da za su ce maka.

Ga inda abin ya fi ci mini rai. Kuturta ba da gutsurewar yatsu take farawa ba, da ɗan tabo take farawa a fata mai haske-haske ko ja-ja, wanda in ka taɓa wurin ko ka soka tsinke mutum ba ya jin komai. In a wannan lokacin ya je gidan likita aka ba shi magani shi kenan an gama, zai warke da yatsunshi goma cif ba wanda zai taɓa sanin ya yi. Amma wa zai je? Mutum ya san abin da zai biyo baya in aka ji, ya san matarshi za a zo a ɗauke, ya san ba mai ƙara sayen abin da ya taɓa, sai ya sa riga mai dogon hannu ya rufe ya dinga bin masu maganin gargajiya a ɓoye ana ba shi jiƙe-jiƙe da shafe-shafe shekara tana tafiya, ita kuma ƙwayar tana can tana cin jijiyoyin hannu da ƙafa da na ido. In jijiya ta mutu hannu ya daina jin zafi, mace ta ɗauki tukunya daga kan murhu ta ƙone ba ta sani ba, manomi ya taka ƙaya ya yini a gona da ita bai ji ba, miki ya ruɓe ya ci ƙashi, a haka yatsu ke tafiya. Kuma duk tsawon shekarun nan da yake ɓoyo yana kwana ɗaki ɗaya da iyalinshi ba magani, wato daidai yanayin da ake ɗauka kenan. Sai bayan ya nakasa mu kuma mu nuna shi da baki mu ce kun gani ko, shi ya sa ake gudunsu. Haba jama'a, ai da hannunmu a cikin wannan nakasar.

Sannan wanda ka gani yau da dungulmin hannu a bakin masallaci, mafi yawansu sun sha magani sun warke tun tuni, babu sauran ƙwayar a jikinsu, tabon abin da ya riga ya wuce ne kawai ya rage. Amma mun fi son mu jefa mishi dala biyar ranar Juma'a mu wuce da a ce ya kafa tebur yana sayar da goro ko sabulu mu tsaya mu saya, in ya kafa ɗin ma ba mai zuwa, to daga nan sai a ce ba su da aiki sai bara. Mu muka rufe musu duk wata ƙofa muka bar musu ta bara ita kaɗai.

Duk ɗan Damagaram ya san unguwar Kara-Kara ya kuma san asalinta, can gefen gari aka tara masu kuturta da sauran waɗanda gari ba ya son gani aka ce su zauna can. Waɗanda aka kai tun farko da yawansu sun riga mu gidan gaskiya, waɗanda ke cike da unguwar yau 'ya'ya ne da jikoki da wasu talakawa da suka zo daga baya, lafiyarsu lau kamar ni kamar kai, amma har yanzu yaro ya buɗe baki ya ce daga Kara-Kara yake sai ka ga fuskar mai sauraro ta canza. Ya je neman aikin gadi ko yaron shago a ce a dawo gobe, ya je neman aure wata unguwa a ce ba a san asalinshi ba, wasu har ɓoye sunan unguwarsu suke su ce daga wani wuri suke. In ana maganar rikicin matasa da ƙungiyoyin nan na 'yan fale da suka addabi gari a shekarun baya kowa Kara-Kara yake fara ambata, ni ba na goyon bayan duk wanda ya ɗauki adda ya tare hanya ko daga wace unguwa ya fito, laifi laifi ne, amma a gaya mini gaskiya, yaron da tun yana goye yake jin ana kiran ubanshi da sunan ciwo, ya shiga lakkol yara suka ƙi zama benci ɗaya da shi, ya girma ya ga ba inda ake maraba da shi sai cikin 'yan uwanshi da aka ware tare, me muke jira ya zama? Da yawansu ma duk da haka neman halal ɗinsu suke, wasu fasa dutse wasu kabu-kabu wasu dako, ba a ganin waɗannan sai a ga na banzan a yi musu kuɗin goro.

Maganar aure kuwa ita ce inda ƙyamar ta fi yin zurfi don nan ne ko masu ilimi suke komawa 'yan gargajiya. Bincike kafin aure abu ne mai kyau, a san halin yaro da sana'arshi da addininshi, a je gidan likita a yi gwajin jini a duba sida a duba amosanin jini, wannan duk na yarda da shi ɗari bisa ɗari don shi amosanin jini da gaske gadonshi ake yi kuma gwaji na nunawa. Amma na san yarinyar da aka kai kuɗin gaisuwarta aka sa rana, sai wata gwaggon ango ta tono wai kakan yarinyar na wajen uwa ya yi kuturta, mutumin da ya rasu tun kafin a haife ta, aka aiko a karɓi kaya. Yarinya mai hankali mai karatu ba abin da ta yi, uwarta ta kwanta ciwo don baƙin ciki, su kuma dangin angon ko a jikinsu suna ganin sun tsare zuri'a. Sun tsare ta daga me, ciwon da ba a gado?

Na san za a kawo mini hadisin nan da ke cewa a guje wa kuturu kamar yadda ake gudun zaki, yana cikin Buhari kuma ba mai musa shi. Malamai sun yi bayani cewa maganar kiyaye kai daga kamuwa ce, kuma Annabin da ya faɗi wannan, sallallahu alaihi wasallam, shi ne dai ya gaya mana Allah bai saukar da wata cuta ba sai da ya saukar da maganinta. To yau ga maganin an samu, wanda ya sha ba ya shafa wa kowa, sai mu riƙe hadisi ɗaya mu yi ta wulaƙanta bayin Allah da shi mu manta da sauran? Mun manta gaida mara lafiya yana cikin haƙƙoƙin musulmi a kan ɗan uwanshi, mun manta hadisin da ke cikin Muslim inda Allah zai ce wa bawa ranar alƙiyama na yi rashin lafiya ba ka gaishe ni ba, kuma ba a ce sai mai ciwon da ba a jin kunyarshi ba. A Suratun Nur aya ta 61 Allah ya ɗauke laifi ga makaho da gurgu da mara lafiya a sha'anin cin abinci, kuma cikin abin da masu tafsiri suka kawo akwai cewa mutane ne suke ƙin ci tare da su. Matar nan mai farfaɗiya da ta zo wajen Annabi ta kai kukanta, bushara da aljanna aka yi mata in ta yi haƙuri, ya kuma yi mata addu'a kar jikinta ya dinga buɗewa in ta faɗi, wato mutuncinta aka tsare mata. Annabi Ayuba ma ya yi jinya mai tsawo kuma Annabin Allah ne. Daga ina muka samo cewa ciwo alamar mutum ya yi wani zunubi ne da ya fi namu?

Kar a ce kuma na ce ba ciwon da ake keɓe mai shi. Akwai, mun ga sanƙarau da ya buge jihar nan ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023, mun ga mashaƙo a wajen Matamai a 2023, ga kwalara da ke leƙo mu wasu damunan, irin waɗannan in likita ya ce a keɓe a keɓe ɗin, a bi doka. Amma wannan likita ne ke yanke shi, na kwanaki ne, ana ba mutum magani da abinci ana kula da shi ya warke ya dawo cikin mutane. Namu na unguwa ba likitan da ya sa mu, ba ranar ƙarewa, kuma ba kulawa a ciki.

Tarin fuka ma haka. Akwai wani bawan Allah da muke kasuwa tare a nan kasuwar Dole, magidanci mai 'ya'ya, ya yi ta tari yana ramewa yana zufa da dare, da kyar aka lallashe shi ya je aka gwada kakinshi aka ce tarin fuka ne aka ɗora shi kan magani. Maganin nan kyauta ne, wata 6 ake sha, kuma in mutum ya riƙe shi da kyau bayan 'yan makonni haɗarin ya shafa wa wani yana raguwa ƙwarai, kuma ta iska ake ɗaukarshi in mai shi ya yi tari a wuri rufaffe, ba ta kofi ko cokali ba. Amma wani ya hango shi yana fitowa daga inda ake karɓar maganin, kafin la'asar labari ya zagaye layin, mai shayi ya ware mishi kofi daban ya ɗaura wa hannun kofin zare, masu zama a rumfarshi suka watse, sannan aka fara raɗa wai ai wannan ramar ba ta tari ba ce kawai kun dai gane. Mutumin nan da ya ji sauƙi bayan kamar wata biyu sai ya daina zuwa karɓar magani, ba don ya warke ba, don kawai kar a ƙara ganinshi a ƙofar wurin. Ciwon ya dawo ya fi na da, kuma abin tsoro da yanke magani shi ne ƙwayar tana iya zama mai taurin kai wadda maganin farko ba ya ci, jinyarta ta fi tsawo ta fi wahala. Allah ya sa yana da ƙane tsayayye da ya dinga ɗaukarshi a babur yana kai shi wani gidan likita nesa da unguwarsu har ya kammala, yanzu yana nan garau yana kasuwarshi. Amma watannin da ya yi yana tari a ɗaki ɗaya da yaranshi ba magani fa, wa ya jawo su? Masu raɗa ne da mai zaren kofi, kuma har gobe suna ganin dabara suka yi.

A nan dole in yi magana da ma'aikatan lafiya, da girmamawa don na san wahalar da suke sha, majo ɗaya, wato babban ma'aikacin jinya, da 'yan mataimaka kaɗan su duba mutum fiye da ƙima ga zafi ga ƙarancin kayan aiki, kuma akwai na kirki da yawa da ke rufa wa mutane asiri har su cire na aljihunsu. Amma akwai waɗanda bakinsu ba linzami. Na taɓa zama a layi a wani gidan likita a garin nan ina ji wata ma'aikaciya ta ɗaga murya tana cewa masu karɓar maganin wata-wata su koma wancan benci, kowa ya juya yana kallon wa zai tashi, wata baiwar Allah ta ja mayafi ta rufe fuska ta fice ba ta karɓi komai ba. Damagaram gari ne da kowa ya san kowa, in ba ɗan uwanka a layin akwai maƙwabcinka ko surukinka, kalma ɗaya ta isa ta kashe wa mace aure. Shi ya sa za ka ga mutum yana da asibiti a bayan gidanshi amma ya biya kuɗin mota ya tafi Mirriya ko Maraɗi ko ma ya tsallaka Kano karɓar magani, ranar da ba kuɗin mota kuma ranar magani ya yanke. Ƙasar nan tana da doka a kan sida, an yi ta a 2007 aka sabunta ta a 2015, ta hana nuna wa mai ɗauke da ƙwayar bambanci ta kuma wajabta rufa mishi asiri, amma talaka nawa ne ya san da ita balle ya san inda zai kai ƙara? Kuma maganin sida kyauta ake ba da shi, wanda ke sha kullum har ƙwayar ta kwanta ta daina fitowa a gwaji ba ya shafa wa matarshi, mai ciki in ta bi magani tana haihuwar ɗanta lafiya. Duk wannan alheri yana nan amma tsoron bakin mutane ya hana da yawa zuwa gwaji ma.

Kuma in ka duba da kyau mata suka fi shan wuyar. Namiji ya rasu bayan doguwar jinya sai a ce matar ce ta kawo mishi, ba mai tambayar inda shi ya yi yawonshi, a raba ta da 'ya'ya a hana ta zama gidan. Mai yoyon fitsari kuwa Allah kaɗai ya san abin da take gani. Yarinya ce aka aurar ƙuruciya, kuma a Nijar kusan kashi 76 cikin 100 na 'yan mata kafin shekara 18 ake musu aure, naƙuda ta zo ta yi kwana biyu uku tana fama a ɗaki a ƙauye ana jiran izinin maigida ko ana neman amalanke, kan jariri ya danne mafitsara har naman wurin ya mutu ya huje, galibi ɗan ma ba ya zuwa da rai. Ta rasa ɗa ta rasa lafiya, sai mijin da a gidanshi abin ya same ta ya ce ta je gida ta warke tukuna, daga nan ba aike ba leƙe sai dai ta ji ya yi amarya. A gidansu ma a ware mata ɗaki can baya saboda zarni, ba biki ba suna ba ta taɓa tukunya, wasu har su ce alhakin wani abu ne da ta aikata. Alhali aiki ake yi a ɗinke wurin kuma da yawa suna warkewa sarai, ana yi a nan Damagaram, ana yi a Danja kusa da Maraɗi, ana yi a Yamai, ga Babbar Ruga a Katsina. Ina roƙon maza 'yan uwana, wadda ta shiga wannan hali wajen haifa maka ɗa ba ta cancanci takardar saki ba, ka ɗauke ta ka kai ta ka zauna da ita.

Yara ma ba su tsira ba. Yaro mai farfaɗiya ya faɗi a aji sai kowa ya watse wai in yawunshi ya taɓa ka ka ɗauka, a bar shi yana buga kai a ƙasa, gobe iyayen sauran yara su zo wajen malamin lakkol su ce ko a cire shi ko su cire nasu. Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce ba a ɗauka ta yawu ko ta numfashi ko ta taɓawa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kusan kashi 70 cikin 100 na masu ita za su iya daina faɗuwa in suna samun magani daidai. Abin da ake buƙata in ya faɗi a janye wuta da duk abin da zai ji mishi ciwo, a sa mishi abu mai laushi ƙarƙashin kai, a juya shi gefe ɗaya, kar a tura mishi cokali a baki kar a ɗura mishi ruwa. Ga kuma ciwon noma mai zaizaye baki da kumatun ƙananan yara masu tamowa, wanda ke kashe mafi yawan waɗanda ba a kai likita ba alhali in an kama shi tun yana ciwon dasashi magani kaɗan ya isa, akwai ƙungiyar Sentinelles da ke kula da irin yaran nan a garin nan tun shekarun 1990, amma iyaye da yawa ɓoye yaron suke a ɗaki don kunya suna cewa iska ce. Na masu taɓin hankali da yara ke bi da jifa a titi manya na zaune suna kallo ba mai tsawatawa, wannan kam sai dai Allah ya yafe mana.

Wani abin da na lura, ƙyamar nan ta san wanda take kamawa. Mai hali in irin ciwon nan ya same shi jinyarshi a rufe ake yi a kilinik ko a fita da shi waje, ko an ji ma sai dai a ce Alhaji ba ya jin daɗi Allah ya ba shi lafiya, ba mai ware mishi kofi. Talakan da dole sai ya bi layi a idon jama'a shi ake yi wa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna ba tsoron ciwo ne kawai ke sa mu ba, akwai raini a ciki.

Don haka ina kira ga malamanmu da limaman Juma'a, kowace shekara Lahadin ƙarshe ta watan Janairu ita ce ranar masu kuturta ta duniya, me zai hana Juma'ar da ke kafin ta a yi huɗuba a kan wannan a duk masallatan gari, a gayyato likita ya yi bayani bayan salla, don abin da liman ya faɗa sau ɗaya ya fi shiga kunnen mutanenmu fiye da takarda ɗari da aka manna a bango da Faransanci. Ina kira ga fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram da masu unguwanni su sa baki a maganar fasa aure da korar mata saboda ciwo, don irin wannan shari'ar wajensu ake fara kai ta. Shugabannin gidajen likita su duba yadda ake kiran marasa lafiya da inda ake zaunar da su, a daina ware benci ko ƙofa ko rana da kowa ya san ta masu ciwo kaza ce, wanda kuma ya fitar da sirrin mara lafiya a hukunta shi a gani. Gidajen rediyon garin nan su ba waɗanda suka warke fili su yi magana da bakinsu in sun yarda.

Kai kuma Malam Edita ina roƙonka ka turo wakilinku Damagaram ya shiga Kara-Kara ya zauna da mutanen ya ji daga gare su, ba ya tsaya bakin hanya ya ɗauki hoton masu bara ya tafi ba, kuma duk wanda za a sa hotonshi ko sunanshi a nemi izininshi tukuna. Ku kuma buga dokar nan ta 2015 da Hausa ko da a taƙaice ne don mutane su san haƙƙinsu. Mai karatu kuma in ka ga tabo a jikinka ko na ɗanka wanda ba ya jin taɓi, ko tari ya wuce sati biyu bai tsaya ba, ka je asibitin unguwa mafi kusa a duba ka cikin satin nan, maganin kuturta da na tarin fuka duk kyauta ne.

Na gode da filin da ka ba ni, a gaida sauran ma'aikata. Wassalamu alaikum.

Naka,
mai karanta jaridarku daga unguwar Birni, Damagaram